Mai Hoton da Ke Gudun Jarirai

A layin da shagonsa yake, babu wanda ke kiransa da wani suna sai Kar-ka-motsa, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Sama da shekara talatin ya yi yana ɗaukar hoton fasfo, duk wanda ya taɓa zama a kan kujerar nan mara jingina da ke gaban farin ƙyalle ya ji umarninsa: "Ɗaga haɓa. Rufe baki. Ban da murmushi. Kar ka motsa." In mutum ya kasa gane irin fuskar da ake nema, sai ya leƙo daga bayan kyamara ya gwada masa da tasa, ya miƙe wuya, ya haɗe leɓe, ya kafe ido wuri guda. Ya yi ta wannan gwajin har fuskar ta saba, ta koma ita ce ke fitowa da kanta duk lokacin da ya rasa yadda zai yi.

Dogo ne, ga faɗin kafaɗa, ga gira da ta haɗe kamar an ja ta da gawayi, ga gashin baki mai kauri wanda yake ji da shi ƙwarai. Amma duk wannan girman na jiki ne kawai, mutumin ba ya iya ko tsawata wa kaza. Shi ne mai goge wa 'yan mata ƙuraje a kwamfuta ba tare da sun roƙa ba, in sun karɓi hoton suna mamaki ya ce ai hasken shagon ne mai kyau. Shi ne kuma mai gyara wa tsofaffi wuyan riga da hannunsa kafin ya ɗauka. Kyanwar layin ma ta san ƙofar da take zuwa da tsakar rana.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun yana saurayi: ya yarda har cikin zuciyarsa cewa fuskarsa tana tsorata jarirai. Asalin maganar ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata rana, lokacin da muryarsa ta fara buɗewa, ya sunkuya zai yi wa ɗan gwaggonsa wasa, jaririn ya tsandara ihu. Gwaggo tana fama da wanki, ga rana ga ciwon baya, sai ta ce, "Kai, ɗauke wannan fuskar taka daga kansa, ka tsorata min yaro!" Ita kafin ta gama shanya ta manta ta faɗa. Shi kuwa ya ɗauki maganar ya adana, ya yi aure da ita, ya haifi 'ya'ya da ita, har furfura ta same shi yana riƙe da abarsa.

A shago abin bai taɓa zama matsala ba, saboda akwai Gajere. Tare suka buɗe wurin tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Gajere mutum ne mai kumatu da yawan surutu, irin wanda ke gaida mutum tun daga tsallaken titi. Ba su taɓa zama sun raba aiki ba, amma aikin ya rabu da kansa: manya na Kar-ka-motsa, yara na Gajere. Da zarar ya hango mace da goyo ta nufo ƙofa, sai ya ce, "Bari in duba firinta." Ya shige ɗakin baya, ya ja ƙofa, ya ƙure muryar rediyo. Firintar nan ta sha dubawa, ko mara lafiya a asibiti bai kai ta samun kulawa ba.

A gida ne abin ya yi ɓarna. Yana son 'ya'yansa kamar ransa, amma lokacin da suke jarirai sai sun yi barci yake matsowa ya tsaya yana kallonsu, hannu a baya. Sai sun fara magana yake sakin jiki da su. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Maigida, yaro ai kuka ne sana'arsa. Ni ma da nake ba shi nono yana yi min."

"Ke ba za ki gane ba," ya kan ce. "Ni na san abin da nake gani."

Haka aka tafi har 'yarsu ta fari ta yi aure ta haifi mace. Kaka ya sayi gado, ya sayi gidan sauro, ya sayi takalma tun yarinya ba ta san tana da ƙafa ba. Ɗauka ce dai bai taɓa yi ba. In an kawo ta gidan, sai ya tuna da famfon da ke yoyo a baya.

Wata ranar hutu da safe suna shan shayi a falo, jikar tana zaune a cinyar kakarta tana cizon cokali, sai 'yar ta ce, "Baba, an yi wa babanta canjin wurin aiki. Ƙarshen wata za mu tashi, kuma wurin da nisa. Ina so a yi mata hoto kafin mu tafi."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Ki kawo ta shago, Gajere ya ɗauke ku, ke da ita da mamanki."

"Ba da Mama nake so ba. Da kai nake so, tana hannunka."

Ya ɗaga kofi ya kurɓa, alhali babu komai a ciki.

"Baba, na zazzage duk albam ɗin gidan nan," ta ce. "Akwai ni a hannun Mama, akwai ni a hannun Kawu Gajere, akwai ni har a hannun maƙwabciyar da ba ma shiri da ita yanzu. Babu ko ɗaya a hannunka. Ni dai na haƙura da nawa, amma ba na so ita ma ta girma ta nema ta rasa."

Da dariya ta faɗa, amma maganar ta soke shi sosai. Ya ji kunya, ya kuma ji baƙin ciki irin wanda bai taɓa ji ba. Mutum ya ɗauki hoton rabin gari, a ce babu nasa da 'yarsa! Ya ce mata to, za a duba. Kowa a falon ya san ma'anar wannan dubawar.

Washegari wata mata ta shigo shago da goyo, shi kuma ya tafi wajen firinta kamar kullum. Ya ƙure rediyo, sai ya faɗa kan shirin lafiya, wata likitar ƙwaƙwalwa tana amsa tambayoyin masu sauraro a kan yadda mutum zai taimaki kansa in mugun tunani ya addabe shi. Da farko bai ba ta kunne ba. Shi a ganinsa wannan magana ce ta masu damuwa, shi kuwa fuska ce kawai Allah ya ba shi.

"Tunanin da ya faɗo maka a rai ba hukunci ba ne," likitar ta ce, "zargi ne kawai. Ka tsayar da shi, ka faɗe shi da bakinka yadda yake, sannan ka tambaye shi ina shaidarsa. Sau da yawa za ka tarar zuciya ta riƙe abu ɗaya mara daɗi ta watsar da sauran. Kuma muddin kana gudun abu, ba za ka san gaskiyarsa ba. Ka gwada shi kaɗan-kaɗan, ka fara da mai sauƙi, ka gani ko abin da kake tsoro zai faru."

Wannan ta riƙe abu ɗaya a watsar da sauran ita ce ta kama shi, don aikinsa ne na kullum. Sau nawa aka kawo masa hoton taron jama'a aka ce ya fitar da mutum ɗaya? Ya yanke dama, ya yanke hagu, mutum ya fito kamar shi kaɗai ya je wurin. Ya dubi ƙofa ya tabbatar a rufe take, sannan ya faɗa a hankali, "Duk jaririn da ya ga fuskata sai ya yi kuka, kuma ni ne sanadi."

Da ya ji maganar da kunnensa, sai ta yi masa banbarakwai. Ya nemi shaida. Ga ɗan gwaggo, wanda yanzu yake da sanƙo da tumbi, kuma duk inda suka haɗu sai ya rungume shi. Ya nemi shaida ta biyu, ya lalubo wasu 'yan kaɗan da ba ya ma tuna fuskarsu. Sauran fa? Sauran bai sani ba, don bai taɓa tsayawa ba balle ya gani.

Gwajin da ya fara yi ƙarami ne har abin dariya. Hannu ya kai ya rage muryar rediyo.

Sai ga kuka ya cika masa kunne. Jaririn matar nan da ke cikin shago yana ta callara ihu kamar ana yanka shi, kuma Kar-ka-motsa yana nan a ɓoye, ko inuwarsa yaron bai gani ba. Ya buɗe ƙofa kaɗan ya leƙa. Ga Gajere a durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga, yana kaɗa makullai da hannu ɗaya yana kukan kyanwa, yaro kuwa ko a jikinsa.

Da matar ta tafi ya fito. "Gajere, ashe kai ma suna yi maka kuka?"

Gajere ya dube shi sama da ƙasa. "Ni ma? Kai, mutumin nan! Me kake tsammani nake sha a nan shekara da shekaru, kai kana can kana jinyar firinta? Wani ya yi kuka, wani ya jiƙa min ƙyalle, wata ta kama yatsana da sabon haƙori har yau akwai tabo. Ga shi, duba!"

Nan Kar-ka-motsa ya zauna a kan kujerar fasfo ya kwashe labari duka ya faɗa masa, tun daga gwaggo har zuwa maganar 'yarsa. Gajere ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya ga abokinsa bai taya shi ba, ya goge ido ya ce, "Ni duk zatona ƙiwuya ce kake yi min. To, daga yau firinta ta warke."

Suka fara da mai sauƙi, yadda likita ta ce. In an shigo da yaro, Kar-ka-motsa zai zauna a gaban kwamfuta cikin shagon, ba zai tashi ba. Ranar farko ya ƙanƙame linzamin kwamfuta kamar za a ƙwace masa. Wata 'yar lukuta ta juyo ta kalle shi, ta kalli girar, ta kalli gashin bakin, sannan ta mayar da yatsa baki ta ci gaba da tsotsa. Har ya ɗan ji haushi. Shekara da shekaru yana ɓoye fuska, ashe akwai wadda ba ta ma ga abin kallo a cikinta ba!

Daga nan ya koma riƙe wa Gajere fitila. Wani yaro ya ɓare baki da ya matso, nan take tsohon tunanin ya taso ya ce masa, ka gani ko? Ƙafarsa har ta juya wajen ɗakin baya, sai ya tsaya ya tambayi kansa me kuma ke cikin hoton wanda bai duba ba. Kafin ya gama tambayar uwar yaron ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba, daga allurar rigakafi muke. Tun a mota yake yi." Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da riƙe fitilarsa.

Amma Gajere ya lura da wani abu. Wata rana Kar-ka-motsa ya sunkuya wajen wani jariri, sai Gajere ya juya kyamara ya ɗauke shi ba tare da ya sani ba. Da masu hoton suka tafi, ya buɗe masa a kwamfuta.

"Zo ka ga abin da kake nuna wa 'ya'yan mutane."

Wuya a miƙe, leɓe a haɗe, ido a kafe. Fuskar fasfo ce sak, babu abin da ya rage sai tambarin hukuma.

"Ai don kar in tsorata su nake yi," Kar-ka-motsa ya ce. "Na ga kamar in ban motsa ta ba, ɓarnar za ta ragu."

"Ɓarnar za ta ragu? Ni kaina in na ci karo da wannan a lungu, gudu zan yi in bar takalmi."

Ashe maganin da ya yi shekaru yana sha shi ne rabin ciwon. Ya koma gida ya tsaya gaban madubi yana koyon murmushi. Matarsa ta shigo ta same shi ya yage baki, ta ce, "Subhanallahi! Maigida, ciwon haƙori ne?" Da ya faɗa mata abin da yake yi, ta zauna a bakin gado ta yi dariya mai isarta, sannan ta ce, "Ka bar wahalar da kanka. In kana hira da tsofaffin nan naka ai fuskarka sakewa take yi. Ka yi musu magana kawai."

Shawarar ta yi aiki. Shi bai iya gwarancin da ake yi wa jarirai ba, don haka ya riƙa yi musu magana yadda yake yi wa dattawa. "Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Ya iyali? A ɗan ɗaga haɓa, in ba damuwa." Iyayen su kwashe da dariya, yaran kuma su ƙura wa gashin bakin ido suna kallon yadda yake rawa. Ba duka ba ne, gaskiya. Akwai wani ɗan yaro da ya gan shi ya cusa kai cikin mayafin uwarsa ya ƙi fitowa, kuma babu allura babu yunwa, tsoronsa kawai yake ji. Kar-ka-motsa ya ji zafin abin, amma ya ce a ransa, wannan ɗaya ne, ba duka ba ne. Ya ja baya ya bar wa Gajere, da aka kawo na gaba kuma ya matso.

Ana gobe 'yarsa za su tashi, da la'asar, ta shigo shago da jikar, matarsa tana biye da su da jakar kayan yarinya. An sha ado, riga mai leshi a wuya da 'yar hula mai igiya. Gajere ya kunna fitilu ya koma bayan kyamara. Kar-ka-motsa ya zauna a kan kujerar da ya zaunar da dubban mutane, ya ce, "Kawo ta."

Aka ɗora masa ita. Bai san jariri yana da nauyi haka ba, kuma bai san yana da ɗumi haka ba. Yarinya ta ɗaga kai ta kalle shi. Leɓenta na ƙasa ya fara rawa, ta cika baki da iska, ta saki kuka iya ƙarfinta.

Tsohon tunanin ya zo da gudu: ka gani ko, har jininka. Ya ji wuyansa yana miƙewa, leɓensa yana haɗewa. 'Yarsa ta miƙo hannu biyu, fuskarta duk tausayi. "Kawo ta, Baba, ba komai. Wani lokacin a yi."

Ya san babu wani lokacin. "Bar ta," ya ce.

Ya ja numfashi ya dubi sauran hoton. Ga zafin fitila, ga leshi yana sukar wuya, ga igiyar hula ta shige cikin haɓa, ga shi lokacin barcinta ne. Ya sa yatsun nan da suka saba gyara wuyan rigar tsofaffi ya kwance igiyar, ya cire hular. Ba ta yi shiru ba. Ya miƙe da ita a kafaɗa yana kai da kawo tsakanin fitila da madubi.

"Ranki ya daɗe, an takura miki ko? Gaskiyarki ce. Mutum yana zaman zamansa a sa masa leshi. Ni ma da ni ne sai na kai ƙara."

Kukan ya fara raguwa, ya koma shessheƙa. Ko hular ce, ko barci ne, ko ma fuskar tasa ce da farko, babu wanda ya sani, shi ma bai tsaya bincike ba. Ya koma ya zauna. Yarinya ta ƙura wa gashin bakin ido, ta miƙa hannu ta damƙe gefe guda, ta ja da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

"Wayyo Allah!" in ji Kar-ka-motsa.

Ta ƙyalƙyale da dariya, Gajere ya danna.

Hoton ya karya duk dokar da aka sani a shagon. Baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, haɓa a ƙasa, hannun yarinya ya fito dishi-dishi saboda motsi, kuma Gajere garin dariya ya karkatar da kyamara har ƙafar fitila ta shigo. Gajere ya ce a sake. Kar-ka-motsa ya daɗe yana kallonsa a kwamfuta, jikar tana kafaɗarsa tana jiƙa masa riga da yawu, ya ce ko kusa, wannan za a fitar, babba.

Sai 'yarsa ta ajiye jakarta ta matso. "Baba, saura ni."

"Ke da kika ce kin haƙura?"

"Na fasa."

Ta durƙusa a gefen kujerar ta kwantar da kanta a ɗayar kafaɗar, mace da 'yarta, kamar yarinya ƙarama. Ya ɗaga hannu ya dafa kanta. Idonsa ya cika da ƙwalla, daɗi da nadama suka haɗe masa wuri guda, kuma bai yi ƙoƙarin gyara fuska ba. Matarsa tana gefe tana share nata idon da bakin mayafi tana cewa Gajere ya yi sauri kafin duk su ɓata kwalliya.

Hotunan biyu suna nan a bangon shagon, sama da farin ƙyalle, daidai inda mai ɗauka ke kallo. Baƙi kan tambaya wane ne ya ɗauki wannan karkataccen hoto, shi kuma ya nuna Gajere. Har yau in an shigo da goyo gabansa kan ɗan faɗi, sai ya ce wa tunanin ya kawo shaida, ya tashi ya gaida mai goyon da wanda aka goya. Firinta kuwa yanzu sai ta lalace da gaske ake leƙa ta.